Ƙafar da Ba Ta Jin Wuta

Ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, kowa a wani gidan haya na unguwar Makera yana manne da rediyo. Wata yarinya 'yar aji biyar kuwa ba ta rediyo take ba. Innarta ta sa ta guga, ga ƙawayenta can waje suna 'yar gala-gala.

Ta gama a gaggauce, ta zazzage garwashin dutsen guga a tsakar gida. Innarta ta ce ta yayyafa masa ruwa. Ta ce to, amma ina! Sai waje.

Ƙishirwa ce ta dawo da ita. Tana shigowa ta ji ƙauri. Ga maƙwabcinsu Baba Jethro, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, tsaye ba takalmi, rediyo a kunne, yana ta murmushi. Ƙafarsa tana kan garwashi, shi ko a jikinsa.

"Baba, wuta! Ɗaga ƙafarka!"

Ta kai hannu za ta ture garwashin. Kafin ta san ta taɓa shi, hannun ya fizge kansa da kansa.

'Yar Baba, Eunice, wadda nas ce, ta wanke masa ƙunar. Fuskarta ba walwala. Ta ce Baba yana da ciwon suga, mikinsa ba ya saurin warkewa, in ya ruɓe ana iya yanke ƙafar. Yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi gaskiya cewa ita ta bar garwashin.

Da kukan ya lafa, ta tambaya, "Anti, me ya sa Baba bai ji zafi ba?"

Eunice ta kama ɗan yatsan yarinyar da ya yi ja. Ta ce akwai jijiyoyi a jiki, sun fi zaren ɗinki siranta, sun tashi daga fata har cikin lakar ƙashin baya, su wuce zuwa ƙwaƙwalwa. Su ke kai saƙo, cikin ƙiftawar ido.

"Lakarki ce ta janye hannun tun kafin ƙwaƙwalwarki ta samu labari. Jijiyoyin ƙafar Baba kuwa ciwon ya raunana su. Ba mai gaya masa."

Yarinyar ta ƙura wa yatsanta ido, tsigar jikinta na tashi. Ashe duk wannan aiki ake yi a jikinta tana can tana tsalle-tsalle! A hankali ta ce, "Ikon Allah."

Daga ranar, kullum kafin ta tafi makaranta sai ta share tsakar gida, ta kai wa Baba takalmansa, ta riƙe wa Eunice bandeji. Mako shida tana addu'a. A na bakwai mikin ya rufe, Baba ya taka da ƙafarsa har coci.

Da ya dawo ya dafa kanta, ya ce, "'Yata, jin zafi baiwa ce, ki gode wa Allah. Aikin da aka sa ki kuma ki ƙarasa shi, don ba ki san wa zai taka abin da kika bari ba."