Sawun Taya a Fadamar Halvorsen

A bakin bargar dawaki suka ƙulla cinikin, dattijo Orvin Halvorsen da karyayyen hannunsa rataye a wuya, da Royce Tibbets, saurayi mai tarakta da injin ɗaure ciyawa.

"Dami biyu nawa, na uku naka," in ji dattijon. "Amma ji nan, yaro. Muddin ƙasa da danshi, ƙarfen nan naka ba zai taka fadamata ba. Ko da ciyawar za ta ruɓe."

"Na ji, Baba."

"Ba ji nake so ba. Kawo hannu."

Suna cikin musabaha sai Marlys, 'yar dattijon, ta fito tana jan wata ƙatuwar goɗiya mai suna Birdie. Royce ya yi tsalle gefe, don shi tun yana ƙarami tsoron doki yake yi. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ne zai yi mana aikin? Ai kaza ta fi shi zuciya."

Da haushinta ya kwana, da neman lambarta ya tashi. Kafin a gama yankan ciyawa na farko saƙonni sun fara kai da kawo tsakaninsu.

"Mai Inji, na yi kek ɗin tuffa. In ka makara Birdie ta cinye rabonka."

"'Yar Rigima, ki ba ta. Ni mai yin kek ɗin nake so a ajiye mini."

Da Orvin ya gane inda aka dosa, bai ɓoye ba. "Mai gudun doki ba zai auri 'yata ba." Dama kuma akwai Kendall Strom, maƙwabcinsu mai tarakta kamar ɗaki, wanda ya daɗe yana zarya gidan saboda Marlys.

Ana yankan na biyu aka kwantar da Orvin a asibitin birni don a gyara hannun. Ciyawa na shimfiɗe a fadama, an sha ruwa kwanan baya, ga wani hadarin yana haɗowa. Royce ya soka yatsa a ƙasa, ya fito da laka.

"Ba zan shiga ba."

"Abincin dawakinmu na lokacin sanyi ne kwance a can," in ji Marlys. "In ya ruɓe, uban me za su ci?"

"Na ba mahaifinki hannuna."

"Tsoronsa kake ji, kamar yadda kake tsoron Birdie. Matsoraci kawai."

Ya shiga a-kori-kurarsa ya buga ƙofa. Ita kuma ta kira Kendall. Shi ko bai tsaya taɓa ƙasa ba, ya afka da ƙaton taraktansa, ya ɗaure ciyawar da danshinta, ya bar fadamar da ramuka har gwiwa.

Ranar da aka sallamo Orvin, Royce ya je gaishe shi, ya tarar da shi tsaye a bakin ramukan, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Tun ina saurayi nake zuba wa ƙasar nan takin doki, har tsutsotsin tana suka cika ta. Kai kuma rana ɗaya ka mayar mini da ita siminti. Hannun da ka ba ni, na ɓarawo ne. Fita mini daga gona!"

Royce ya dubi Marlys. Kanta na ƙasa. Maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta, ya juya ya tafi.

Washegari saƙon Marlys ya shigo. "Na faɗa wa Baba komai. Ya ƙi cin abincina. Mai Inji, ka yi mini magana ko da zagi ne." Bai amsa ba. Yana sonta, amma kalmar matsoraci ba ta fita daga kunnensa ba.

Da yamma sai ga dattijon da kansa a ƙofarsa.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ka tambaye ni ne, Baba? Kuma ba ni zan tona mata asiri a gabanka ba."

Orvin ya yi tsaki. "Ciyawar da wancan sakaran ya ɗaure ta yi funfuna, ko saniya ba za ta shinshina ba. Ƙasar kuma da dawaki za a gyara ta, ga hannuna yadda yake."

Ba haƙuri ya bayar ba, irinsa ba sa bayarwa. Amma Royce ya gane kiransa yake ya zo ya yi aikin.

Da safe ya riƙe linzamin Birdie duk da tsoronsa, Marlys na gefensa da kumburarrun idanu.

"Na yi laifi, Royce. Bakina ne ya fi ƙarfina."

"Har yanzu haushinki nake ji."

"Ka ji, amma sassauta linzamin, za ka yaga mata baki."

Haka suka cike ramukan, suka zuba taki, suka watsa irin ciyawa, suna faɗa suna shiryawa. Rabonsa na yankan farko kuwa, Royce ya kwaso shi kaf ya jibge a rumbun Orvin. Dattijon ya daɗe yana kallon damman.

"Har yanzu riƙon linzaminka na banza ne," ya ce. "Je ka kira fasto."

Da kaka aka ɗaura auren a ƙaramin cocin garin. Birdie ce ta ja keken amarya, ango ne ya tuƙa, duk jikinsa gumi. Fasto ya sa albarka, Orvin ya ce amin da ƙarfi kamar mai faɗa.

In an zo lissafi, Kendall ya rasa yarinya, ya rasa gaisuwar maƙwabci. Orvin ya yi asarar yanka guda, ya samu surukin da hannunsa ba ya ƙarya. Royce bai tashi da dami ko ɗaya ba a wannan shekarar, amma duk garin an yarda shi ya ci cinikin, don shi ya tafi da 'Yar Rigima.