Ƙayar Kabarin Hajara

Da la'asar sakaliya Tanimu ya saɓa gatari ya nufi kufai neman ƙaya. Da hantsi aka binne matarsa Hajara a bayan garinsu, can gefen garin Dogo. Damina uku ke nan hatsi bai yi ba, maza ba su da ƙarfin gina, sai kabarin ya tsaya iya gwiwa. Ba a barin sabon kabari sai an lulluɓe shi da ƙaya saboda kura, amma ta kusa duk an sare wa awaki tun bara. "Gobe," in ji dattawa. Shi kuwa ya kasa jira.

A kufan ko tsuntsu ba ya motsi. Ya sara ɗaya, ya sara biyu. Sai ƙamshi ya buge shi.

Romo ne. Har da kitse.

Kwana tara ba abin da ya shiga cikinsa sai 'ya'yan anza masu ɗaci na daji. Ƙafafunsa suka bi ƙamshin ba da shawararsa ba.

Bayan wani rusasshen rumbu, wata tsohuwa na durƙushe gaban tukunya. Tukunyar na tafasa. Babu wuta a ƙarƙashinta.

Ya yi sallama. Ba ta amsa ba.

"Matso, ɗana," ta ce da raɗa.

"Iya, ina kika samu nama a wannan shekara?"

"Mu ma mun ga irinta. Muka ci iri, muka ci jakuna, muka ci buzun salla. Daga nan muka daina zurfafa kabari." Ta motsa tukunyar. "Duk wanda aka bari ba ƙaya, namu ne."

Ta ɗago ludayi.

A ciki akwai yatsa, da zoben tagulla. Shi ya saya wa Hajara. Da safe masu wanka sun kasa cire shi saboda kumburi.

Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi.

Cikinsa ya yi ƙugi.

Tsohuwar ta ji. Ta yi murmushi, ta miƙo.

Can nesa ladan ya ɗaga murya. Tanimu ya fizgi ƙayarsa ya ruga, tana yagar ƙafafunsa.

Ya tarar kabarin ya lotsa. Duk da haka ya rufe shi, reshe bayan reshe, yana kiran sunanta.

Da shekara ta zagayo aka yi ruwa, hatsi ya yi. Amma ko ran layya Tanimu ba ya zama kusa da tukunya. Mutane na cewa abin da ya gani ne. Shi kaɗai ya san ba gani ba ne. Yawun da ya cika masa baki ne.