Ranar Da Aka Wanke Mini Kai

"Muhsinat, yaushe rabonki da wanke wannan kan?"

Ijeamaka ce ta tambaye ni, yatsunta cikin gashina, fuska a yamutse. Ƙawata ce tun muna sakandare, yanzu ita ke riƙe da shagon kayan gyaran gashi na mahaifiyarta a Kasuwar Monday. Na ce mata sati bakwai. Ta ce in maimaita. Na maimaita, har da murguɗa baki.

Ta ɗauko kwalbar da na zo saye, ta juya bayanta tana bin rubutun da farce. Ta ce wannan man silikon ne, ba ya ciyar da gashi, lulluɓe shi kawai yake yi ya sa shi sheƙi. In ana shafa shi a busasshen kai, ana ƙarawa kullum ba a wankewa, ruwa ba ya samun hanyar shiga. Sai an jiƙa gashi tukuna, an sa masa man kaɗanya ko na kwakwa, sannan a ɗiga wannan kaɗan a sama, kuma duk sati a wanke da shamfu mai ƙarfi.

"Waje yana ƙyalli, ciki ƙishirwa na kashe shi. Ga shi kina bin sa da ƙarfe mai zafi... ki tausaya wa kanki, ƙawata."

Na ce in na wanke zai koma yadda yake, ya dunƙule ya cukurkuɗe, kuma saurayina Abdulnasir ba ya son haka. Ta ce to Abdulnasir ya auri kwalbar mana. Sai na ce mata baƙin ciki take yi don ita ba ta da mai zuwa wurinta. Na faɗa ina sane ƙarya nake yi, na ɗauki kayana na fice ko sallama babu.

Abdulnasir ne ya fara saya mini man. Shi ɗan unguwar Maisandari ne, mahaifinsa babban dillalin shinkafar Zabarmari, ni kuwa 'yar tela ce a unguwar Bulabulin, gidanmu ɗaki uku da langa-langa. Shekara guda muna soyayya, kuma wallahi na so shi son da ban san ina da irinsa ba. Wata rana da yamma yana zaune a ƙofar gidanmu, ya kalli ɗan gashin da ya leƙo ta gaban mayafina, ya yi murmushi, ya ce matan gidansu duk gashinsu har gadon baya yake, mahaifiyarsa kuma kan mace take fara kallo kafin fuska. Washegari ya zo da kwalbar a leda.

"Ki shafa kullum da safe, hasken idona. Kada ki yawaita wankewa, yadda yake kwance ɗin nan nake so."

Ni kuma sarkin biyayya na ce to. Ina shafawa, ina miƙar da shi da ƙarfe, ina ɗaukar hoto ina tura masa. Shi kuma yana kai wa mahaifiyarsa, Hajja Yagana, yana nuna mata irin matar da ya samo. Duk hoton da na tura sai ya kira ni ya ce ba shi da kamata a duniya, ni kuwa in wuni ina wa bango murmushi. Ina ganin guntayen gashi a kan matashina da safe, sai in kakkaɓe su da sauri kada Mama ta gani.

Aka sa rana, aka kawo kaya, aka raba katin biki. Ijeamaka na aika mata nata ta hannun maƙwabciya, don har lokacin ban sauko ba.

Jajibirin ɗaurin aure ake wankin kan amarya, wanda mu nan muke kira kla tulta. Gwaggonnin amarya ke wankewa, dangin ango mata su zo su shaida, sannan a yi mata kitson aure. Na san da wannan al'ada tun ina yarinya, na sha zuwa ta wasu, amma ban taɓa tsayawa na haɗa ta da kaina ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, turaren wuta ya cika ko'ina. Hajja Yagana ta iso cikin lafaya ruwan zuma, 'yarta Siddiƙa na biye da ita da wasu mata biyar. Aka zaunar da ni a 'yar kujera. Da Gwaggona ta zare mini ɗankwali, gashin ya zubo yana ɗaukar ido, na ji mata suna ma sha Allah. Hajja Yagana ta gyaɗa kai. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba.

Gwaggo ta zuba ruwan ɗumi, ruwan ya zame ya wuce kamar an zuba a kan leda. Ta ce ikon Allah, wannan kan ruwa ba ya kama shi. Ta ɗauko sabulun salo ta cuɗa, kumfa ta ƙi tashi. Ta sake, ta kuma sakewa. A karo na uku kumfar ta fito toka-toka, man wata da watanni ya bi rariya. Gashin ya tsuke, ya yi kaushi a hannunta. Ta zuba karkashi don ya yi santsi, ta sa mataji daga goshi ta ja.

Ban ji zafi ba. Shirun da gidan ya yi ne ya sa na buɗe ido.

Matajin cike yake da gashi. Gwaggo ta sake ja a hankali, wani damin ya biyo ya faɗo mini a cinya. Ta ajiye matajin ta sa yatsu, yatsun ma suka fito da nasu. Kafin a ankara gaban kaina da tsakiya sun zama guntu-guntu, wani wurin har fata ake gani.

Hajja Yagana ta taso, ta sunkuya ta ɗauki gashin da yatsu biyu, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Wannan ne abin da ɗana yake nuna mini a waya?"

Mama ta ce don Allah Hajja a zauna a yi magana, gashi ne, zai fito. Hajja ta ce ita ba yarinya ba ce, wannan ciwo ne aka ɓoye da mai, kuma gidan da zai ɓoye wannan Allah kaɗai ya san sauran abin da ya ɓoye. Na buɗe baki da ƙyar na ce Abdulnasir ne ya saya mini man, shi ya ce kada in wanke.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ɗana mai ya saya miki. Sanƙon naki ne."

Wata a cikin matan ta fashe da dariya, ta toshe baki da lafaya. Siddiƙa kuwa tuni ta ɗaga wayarta, na ga hasken ɗaukar hoto. Suka kwashe turarensu da tiren alewar da suka kawo suka fita, ni ina zaune ruwa na ɗiga mini a wuya.

Na kira shi sau tara kafin ya ɗauka, gab da magariba.

"Na ga hoton," ya ce. "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini haka gashinki yake ba?"

"Kai ka ce kada in wanke, Abdul... don kai na yi."

"Na ce ina son ƙyalli. Ban ce ki mayar da ni abin dariya a dangi ba."

Na ce masa gobe ne fa, Babana ya gayyaci mutane, zan ɗaura ɗankwali, zai fito cikin wata shida. Na roƙe shi da duk sunan da na taɓa kiran sa. Ya ce Hajja ta ce a dakata, shi kuma ba zai saɓa mata ba. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Washegari Babana ya tsaya a ƙofar masallaci cikin sabuwar babbar rigar da ya ɗinka wa kansa, yana gaya wa mutane ɗaya bayan ɗaya an ɗage. Shinkafar da aka dafa maƙwabta aka raba wa. Hoton kuwa sai da ya zaga Bulabulin kaf. Dakatawar ba ta ƙare ba, bayan sati biyu aka aiko karɓar kaya.

Ijeamaka ta zo kwana uku bayan wankin kan da almakashi a jaka. Na jira ta ce ai na gaya miki, ba ta ce ba. Ta zaunar da ni ta aske sauran, tana yi hawayenta na sauka a ƙeyata. Na ce ta yafe mini. Ta ce in yi shiru kada ta yanke mini kunne.

Daga nan na koma taya ta zaman shago. Ruwa, man kaɗanya, wanki duk sati, kan ya fara fitowa, gajere mai laushi, iya gaɓar yatsa biyu.

Wata takwas bayan nan, Ijeamaka ta je ɗauko kaya, ina shagon ni kaɗai, na ji muryar da na sani tana sallama. Abdulnasir ne, tare da wata yarinya kyakkyawa mai fara'a. Ya gan ni, ya ɗan tsaya, sannan ya kau da kai ya nuna wata kwalba a kan kantar shagon. Irin waccan ce sak.

Yarinyar ta juya ta a hannu ta tambaye ni yadda ake amfani da shi. Kafin in yi magana ya riga ni.

"Kullum da safe, hasken idona. Kada ki yawaita wankewa."

Ban san lokacin da hannuna ya kai kaina ba. Na zame ɗankwalin baya, na sunkuyo mata da kan.

"Haka ya ce mini, haka na yi. Ki jiƙa shi tukuna, 'yar'uwa, ki sa man kaɗanya, ki wanke duk sati. In ba haka ba ranar wankin kai za ki sani."

Ta kalli kaina, ta kalle shi. Ya matso kusa da kunnenta, amma da ƙarfin da zan ji.

"Ita ce wadda na ba ki labari. Rabu da ita, baƙin ciki take yi don ba ta da mai zuwa wurinta."

Yarinyar ta yi 'yar dariya, ta murguɗa mini baki, ta jefa kwalbar a jakarta.