Rigar Tukunyar Kashe Gobara

Ƙarfe biyu na rana hayaƙi ya turnuƙe shagon ɗinkin da ke ƙarshen layi. Kafin Sajan ɗin 'yan sanda ta iso an kashe wutar, amma ta riga ta lashe yaduddukan mutane. Farar hoda ta rufe ƙasa, ga jar tukunyar kashe gobara a yashe.

Sajan ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ta leƙa nan, ta shinshina can.

"Shi ne!" in ji mai shago, tana nuna tsoho mai guga. "Ya bar dutsen guga a kunne ya tafi cin abinci. Ku tafi da shi!"

"Baba, ka kashe?" Sajan ta tambaya.

"'Yata, shekara talatin ina guga, ko hankici ban taɓa ƙonawa ba."

Ta duba teburin guga. Ko baƙi bai yi ba. Daga wajen yadudduka wutar ta tashi, taku biyar tsakani. Ita kuwa mai shago tana asibiti da ɗiyarta a lokacin, ga katin likita.

Saura babban tela, Dogo, wanda maƙwabta ke ta yi wa sannu.

"Ranki ya daɗe, ina dawowa na hangi hayaƙi. Na sunkuci tukunya, na zare fil, na saita gindin wuta, na matsa. Ko minti ɗaya ban yi ba!"

"A ina take?"

"Bayan ƙofa, cikin rigarta," in ji mai shago.

"Riga?"

"Mu fa teloli ne. Ƙura ta dame ta, Dogo ya ɗinka mata riga, har da aiki a wuya. Ruf ya rufe ta, ko zif babu."

Sajan ta duba, babu riga a jikin tukunyar ko kusa da ita. Ta shiga jan aljihunan kekunan ɗinki ɗaya bayan ɗaya. A keken Dogo ta sami rigar, a ninke tsaf.

"Malam Dogo, wanda wuta ke ci a gabansa yaga riga yake yi. Wannan farke ta aka yi, zare-zare, a tsanake, ko hayaƙi bai taɓa ta ba. Ka tuɓe ta tun kafin gobara, don ka san tana tafe. Wuta kaɗan kake so. Aikin hannunka ne kuma, shi ya sa ka kasa yagawa."

Dogo ya zauna daɓas.

"Leshin matar likita na yanka ba daidai ba," ya ce a hankali. "Shi kaɗai na so ya ƙone."

Mai shago ta juya wajen tsohon.

"Baba..."

"Bari, uwar ɗakina," ya ce. "A dai sake cika tukunyar. Wannan karon kuma a bar ta tsirara."