Keken Bariki da Tsohuwar Tabki

Rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan dutse, hayaƙin murhu ya kwanta a kan gidajen Dogon Dutsi, sa'ad da Sallau ya shigo gida ya jingina keke da rumbu. Keken ba nasa ba ne, na bariki ne, da lambar Nasara a buge a jikinsa, amma yadda yake shafa masa man gyaɗa sai ka rantse gadonsa ya ci. Matarsa Ajuma tana tuƙa tuwo. 'Yarsu Hure, yarinyar da bakinta ba ya hutawa, tana ba awaki labari tana ɗaure su. Sai ƙararrawar keken ta buga, alhali babu kowa kusa da shi.

Sallau ya ce iska ce. Ya faɗi gaskiya, sai dai ba irin iskar da yake nufi ba.

Aikinsa a bariki aike ne. A wannan kaka kuwa Kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, wanda Allah ya jarabce shi da son yawon keke, ya sa shi ya nemo masa hanyar shan iska: ta bi ta kurmin da ke cikin kwari, ta zagaye babban tabki, ta hau zuwa wani ƙauye da ke kan tudu. Sallau ya yini yana shafa wa itatuwa farar ƙasa don kada Bature ya ɓace. A bakin tabkin, wajen dawowa, ya ji bayan keken ya yi nauyi. Ya ce rairayi ne, ya ƙara taka feda.

Kowa a ƙasar nan ya san Tsohuwar Tabki. Ba ta cutar da kowa, hawa kawai take so. Duk mai jaki ko doki da ya bi ta bakin ruwan, takan hau bayansa, in an iso gindin kanyar da ke ƙarshen kurmi sai ya tsaya, ya dafa gadon bayan dabbar, ya ce, "A sauka lafiya." Sallau ya san wannan tun yana bin ubansa kasuwar Matankari. Amma a ganinsa dokar ta dabba ce, keke kuwa ƙarfe ne, kuma an ce iskoki ba sa shiri da ƙarfe. Ya wuce kanyar a guje, har da sakin hannu.

Da almurun ranar duwatsu suka fara sauka. Ba jifan yara ba ne. A hankali suke faɗowa a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, jiƙaƙƙu, da gansakuka a jikinsu, a garin da sai an zura guga mai dogon igiya ake ganin ruwa. Ajuma ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta yar, ta goge hannu a zane. Ba wanda ya ci tuwon.

Washegari Hure ta daina magana. Da rana takan kwanta tana kallon bango. Da zarar inuwar rumbu ta taɓa bakin zaure sai ta tashi, ta je ta zauna a bayan keken, ƙafafu gefe ɗaya kamar tsohuwa a kan jaki, tana jira. Ajuma ta so ta kai ta gidan uwarta a Geceme. Suka ɗauke ta su biyu, ba nauyi, amma suna isa bakin ƙofa yarinyar ta zama kamar turmin da aka kafe a ƙasa. Sallau ya gwada fitar da keken, ƙafafunsa suka ƙi juyawa. Maƙwabta suka daina shigowa ɗiban wuta. Mai ruwa ya riƙa ajiye tulu a waje ya juya. Gidan da dā Sallau yake kuka da surutunsa ya yi tsit, har ya riƙa jin numfashin 'yarsa daga zaure, kuma kullum numfashin ƙara nisa yake yi.

Daga bariki gardi, mai gadin Kumandan, ya zo, ya tsaya nesa da ƙofa ya ɗaga murya. Kumandan ya ce ranar Lahadi za a fita, a kawo keke da mai nuna hanya.

Ajuma ce ta aika Matankari aka kira Malam Inusa, dattijon da ya yi karatu a gabas ya dawo, ya kuma san iskokin ƙasarsa da sunayensu. Ya iso da la'asar sakaliya. Bai tambayi komai ba. Ya dubi duwatsun da aka tara a gindin danga, ya dubi keken, ya shimfiɗa buzu ya zauna. Da Hure ta fito ta hau wurin zamanta, ya zuba turare a garwashi, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Tsuntsaye suka gama shiga sheƙa.

"Wa nike magana da shi?" in ji Malam.

Bakin Hure ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dishe, a gajiye.

"Ka san ni, Inusa. Jakinka ma na hau."

"Mi ya kawo ki gidan mutane?"

"Ba zuwa na yi ba, kawo ni anka yi. Na ga kanya ta wuce, ina jira a ce in sauka, ba a ce ba. Ga ni nan cikin ƙishi, ban san hanya ba."

Sallau ya sunkuyar da kai. Bai taɓa zaton abin da ya rufe su a gida shi ma a rufe yake ba.

"To ki saki ɗiyar, a maishe ki," in ji Malam.

"Ɗiyar ita za ta goye ni. In mun isa ta zamna wurina, ina son mai hira."

Ajuma ta toshe bakinta da mayafi. Malam ya ƙara turare, ya ɗaga karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Ya ce ɗiya ba ta cikin ciniki. Ya yi tayin baƙin bunsuru, ta ce ba ta jin yunwa. Ya yi tayin zane da ƙwaryar nono, ta sa hannu ta shafa keken.

"Dokin ƙarhen ga," in ji ta. "A tura ni bisansa da ƙahwa, kar a hau, kar a waiwaya. A goge hwarar ƙasar da anka shahwa ma itatuwana. In an iso a bar min shi cikin ruwa. Abin da ba ya tsayawa gindin kanya, ba shi ƙara bi ta nan. Ina da jikoki masu son hawa."

Malam ya juyo ya dubi Sallau. Duk su ukun sun san abin da ake yi wa wanda ya ɓatar da kayan bariki. Sallau ya dubi lambar da ke jikin keken, sannan ya dubi ƙafafun 'yarsa da suka rame suna lilo.

"Na yarda," ya ce.

Hure ta sulale ƙasa, uwarta ta tare ta. Keken kuwa bai rage nauyi ba.

Washegari da hantsi Sallau ya fita da shi, ƙafafun suna juyawa sumul. Ya tura shi cikin rairayi, ta tsakanin goruba da giginya, yana tsayawa a kowace bishiya yana kankare farar ƙasar da hannunsa ya shafa. Gumi ya jiƙa shi. Wani lokaci yakan ji numfashi a ƙeyarsa, bai waiwaya ba. Da ya iso gindin kanya ya tsaya, ya dafa bayan keken, ya ce, "A sauka lafiya." Nan take abin ya yi sakayau kamar kara. Ya ƙarasa bakin tabki, ya shiga ruwa har ƙugu, ya sake shi. Ƙararrawar ta buga sau ɗaya a ƙarƙashin ruwa.

Bai bi ta gida ba, don ya san in ya shiga ba zai iya fitowa ba. Bariki ya nufa, ya ce keke ya faɗa tabki, hanyar kuma ba ta biyuwa. Kumandan bai nemi ƙarin bayani ba. Aka yi masa bulala, aka tuɓe masa rigar aiki, aka rufe shi a kaso, ba a kuma gaya masa ranar fita ba. Duk wannan bai dame shi kamar rashin sanin halin da ya bar gida ba.

Wata yamma gardi ya kira sunansa, ya ce an kawo masa fura. Ya leƙa ta 'yar tagar ƙofar. Hure ce tsaye da ƙwarya a ka, ta rame, amma da ƙafarta ta zo.

"Baba, inna ta ce ka sha da sauri, ba a daɗe da dama ta ba. Kuma baƙar akuya ta haihu, biyu, ɗaya kamar kai don ba ya zama wuri ɗaya."

Sallau ya riƙe ƙarfen tagar. Bai karɓi ƙwaryar ba.

"Ƙara faɗi," ya ce.

"Mi za ni ce, Baba?"

"Komi, ɗiyata. Ke dai ki yi ta magana."