Ma'aikacin da Aka Goge Sunansa

Ana shirin kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Idi a Dorayi. Matarsa Hajjo ta ɗauka yaran unguwa ne, ta leƙa lungu ba ta ga kowa ba. Na biyu cikin tukunyar miya ya sauka.

A shekarar 2008 ne. Idi shi ke rubuta manhajar ma'aikata a wata masana'antar jima a Challawa. Manhajar kashi uku ce: mai riƙe bayanai, mai nuna su a allo, da mai kai-kawo tsakaninsu. Sati uku ke nan tana ba shi wahala. Layukan manhajar da ke ƙirƙirar kowane ma'aikaci, su ba shi suna da lamba, sai su ƙaro mutum guda, ba suna ba lamba. Ya zargi mai kai-kawon da kiran layukan ba tare da miƙa suna ba. Ya bi shi layi-layi, lafiya lau. Ya kafa sharaɗi: in babu suna, kada a ƙirƙira. Washegari mutumin yana nan, cikin masu aikin ramin jiƙa fata.

Kwana huɗu da fara jifan, 'yarsu Zaituna ta daina magana. Warin ɗanyar fata ke tashi daga jikinta, ita da ba ta taɓa taka Challawa ba.

Aka ɗauko Malam Ashafa, mai ruƙiyya. Tun la'asar yake karatu har rana ta yi ja. Sannan bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho.

"Ramin jiƙa fatar nan gidana ne tun ba a kafa masana'anta ba. Ba mai gaishe ni sai Joshuwa."

"Me yarinyar ta yi maka?" in ji Malam.

"Tambayi ubanta."

Idi ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya faɗa. Joshuwa lebura ne, ya shiga wanke ramin, iskar sinadari ta kashe shi. Aka binne shi a ɓoye. Manaja ya sa Idi ya goge sunansa daga manhajar, aka ce wa Saratu, matar Joshuwa, ya gudu Legas.

Hajjo ta dafe ƙirji. Ba ta sani ba.

"Ina nan jikinta sai ya mayar da sunan, ya gaya wa matar," in ji muryar.

Malam ya ce, "Ba ka da hakki a kanta. Fita yanzu. Ni zan raka shi da ƙafata."

Muryar ta sassauta.

"Kwana uku na ba ku."

Zaituna ta yi atishawa, ta zube tana kiran uwarta.

Idi ya mayar da sunan da safe, manhajar ta daidaita. Kafin azahar an kore shi daga aiki. Daga nan suka wuce gidan hayar Saratu, shi da Malam. Da ta ji daga masana'anta suke, ta fito da goyo tana murmushi.

"Sannunku da zuwa, Malam. Ko shi ya aiko ku?"

Idi ya roƙe ta ta fara zama tukuna.