Ranar da Aka Ɗaure Mai-Safa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ake ce mata Auta, don ita ce ƙarama a gidansu. Auta tana da kirki, amma akwai ta da gaggawa. In ta so abu, yanzu-yanzu take son sa.

Abin da ta fi so a duniya shi ne labari. Kakarta ce ta saba mata. Kullum in an taso daga makaranta, za ta tarar da Kaka a kujerarta ta bakin taga, magenta tana kwance a cinyarta. Baƙar mage ce mai fararen ƙafafu, shi ya sa ake kiranta Mai-Safa. Kaka tana shafa bayan magen, tana zuba labari.

Wata rana Auta ta ce, "Kaka, wai a ina kike samo labaran nan?"

Kaka ta yi dariya. "Mai-Safa ce ke raɗa mini. Ke da ba kya iya zama wuri ɗaya, wa zai raɗa miki?"

Sai Kaka ta kwanta ciwo. Ba ta tashi ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Gidan ya yi shiru. Mama ta daina dariya, don Kaka mahaifiyarta ce. Mai-Safa kuwa ta shige ƙarƙashin gadon Kaka ta zauna. Ba ta fitowa sai in ba kowa. Ko madara aka ajiye mata, sai ta ɗan lasa ta koma.

Ana nan, sai Malama ta ba 'yan aji aiki. Ta ce kowa ya rubuta labarin wani da yake ƙauna. Mako mai zuwa kowa zai tashi ya karanta nasa.

Auta ta yi murna. Labarin Kaka za ta rubuta, kuma nata zai fi na kowa.

Tana isa gida ta hau kujerar Kaka da biro da takarda. Ta rubuta "Kakata". Daga nan sai komai ya tsaya cak. Ta ciji biro. Ta soke kalmar, ta sake rubutawa. Ta yage takardar, ta ɗauko wata.

Yayanta ya leƙo. "Marubuciya, shafi nawa aka yi?"

"Yaya, ka ƙyale ni!"

"Kalma ɗaya? Sannu da aiki. Allah ya ba da lada."

Ran Auta ya ɓaci. Ba wai ta yarda mage tana magana ba, ai ta wuce nan. Amma ba ta taɓa jin Kaka ta ba da labari ba tare da Mai-Safa a cinya ba. Ta ce a ranta, wataƙila abin da ya rage ke nan.

Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Idanu biyu suna kallonta daga lungu. Ta kira, magen ba ta motsa ba. Sai ta zura hannu ta kamo ƙafarta ta jawo ta.

Ta ɗora ta a cinya. Mai-Safa ta dire. Ta sake kamo ta, ta sake direwa.

"Wallahi sai kin zauna!" in ji Auta.

Ta fita tsakar gida ta kwanto guntun igiyar shanya. Ta ɗaura a wuyan Mai-Safa, ta ɗaure ɗaya bakin a ƙafar kujera. Magen ta ja da baya tana wani irin kuka. Auta ta ji kukan sarai, amma ta yi kamar ba ta ji ba.

Nan Mama ta ƙwala mata kira daga kicin. "Auta, zo ki miƙo mini kwanon nan."

Auta ta tafi. Da ta dawo, ba Mai-Safa. Igiyar tana nan a ƙasa, da gashi baƙi maƙale a jikinta, da ɗan jini. Tagar kuwa a buɗe take.

Auta ta shiga nema. Ta duba ƙarƙashin gado. Ta duba bayan gida. Ta fita titi tana kira har muryarta ta dushe. Yaya ma ya daina tsokana, ya bi ta suna leƙa ƙarƙashin motoci. Ba wanda ya ga baƙar mage.

Da suka dawo, suka tarar da Mama a ɗakin Kaka, igiyar tana hannunta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Mama."

"Don me?"

"So nake ta zauna a cinyata, kamar yadda take yi wa Kaka."

Mama ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Zama ta yi a bakin gado, ta ce a hankali, "Kakarki ba ta taɓa ɗaure ta ba. In na shigo ɗakin nan na ji motsin Mai-Safa, sai in ji kamar ba a bar ni ni kaɗai ba." Sai hawaye suka zubo mata.

Auta ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Ranar karatu ta zo, Mai-Safa ba ta dawo ba. Yara suka yi ta tashi suna karanta nasu, ana tafa musu. Da aka zo kan Auta, ta miƙe da farar takarda. Ta buɗe baki, sai kuka.

Bayan an fita hutu, Malama ta kira ta. Malamar tana rubuta littattafan yara, har akwai nata a ɗakin karatu na makaranta. Auta ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye maganar igiya ba.

Malama ta ce, "Kin yi kuskure, kuma kin sani. Ba sai na ƙara miki ba. Ni ma ina da maguna biyu a gida. Kin san abin da suke yi in na bi su?"

"Gudu?"

"Gudu kai! Amma in na zauna ina aikina, na manta da su, sai in ji ɗaya ta hau mini takarda ta kwanta."

"Malama, to yaya zan yi ta dawo?"

"Ki daina bin ta a titi. Ki zaɓi wuri ɗaya. Kullum da yamma ki ajiye abinci, ki zauna nesa kaɗan, ki yi shiru. In ta zo, kada ki taɓa ta."

"In ba ta zo ba fa?"

"Sai ki dawo gobe. Ba zan yi miki alkawarin za ta zo ba. Amma ki riƙa tafiya da biro. Duk abin da kika gani ko kika tuna, ki rubuta, ko da bai yi daɗi ba. Ni ma haka nake yi. Wata rana in cika shafi, wata rana in tashi da layi ɗaya."

Auta ta zaro ido. "Har ke, Malama?"

"Har ni. Tambayi kwandon sharata."

Da yamma Auta ta zuba ɗan kifi a kwanon Mai-Safa, ta ajiye a bayan gida kusa da katanga. Ta zauna a dokin ƙofa. Zama wuri ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne ga Auta. Ƙafarta tana ta rawa. Abin da ta rubuta ranar shi ne, "Ba ta zo ba. Ƙudaje sun ci kifin."

Kashegari ma haka. Wata rana kwanon ya wayi gari fes, Auta ta yi tsalle. Yaya ya nuna mata sawun ɓera, ta koma ta zauna.

Amma ba ta fasa ba. Tana zaune shiru, sai abubuwa suka fara dawo mata. Ta tuna yadda Kaka ke neman tabarau alhali yana kanta. Ta tuna yadda take yin barci a tsakiyar labari, in ta farka ta ce, "Idona kawai na hutar." Ta tuna sanyin hannunta a goshi in mutum yana zazzaɓi. Ta rubuta duka. Wani lokaci hawaye ya ɗiga a takardar, ta jira ya bushe ta ci gaba.

Wata yamma rubutu ya ɗauke mata hankali har ta manta da kallon katanga. Sai ta ji ƙarar kwano.

Ta ɗaga kai a hankali. Mai-Safa ce. Ta rame, gashinta duk ƙura, ga wani wuri a wuyanta da ba gashi.

Hannun Auta ya so ya miƙa da kansa. Ta danne shi a ƙarƙashin cinyarta. Ko numfashin kirki ba ta yi ba. Magen ta cinye, ta kalle ta, ta haye katanga ta tafi.

Auta ta shiga gida tana kuka. "Mama, ta zo! Kuma ta tafi. Ban taɓa ta ba."

Mama ta rungume ta. "Kin kyauta. Gobe sai mu zauna tare."

Haka aka yi. Mai-Safa ta riƙa zuwa, kullum tana ɗan ƙara matsowa. Wata rana, Auta tana karanta wa Mama abin da ta rubuta, ta zo wurin tabarau. Mama ta fashe da dariya, tana share hawaye. Rabon da a ji dariyarta tun kafin rasuwar.

Suna cikin haka, Mai-Safa ta taho ta shinshina ƙafar Mama. Ta zagayo, ta haye kan sauran takardun Auta, ta naɗe jela ta kwanta.

Yaya ya ce, "To fa! Ta danne ƙarshen labarin. In ɗaga miki ita?"

"A'a, Yaya, bar ta," in ji Auta. "Zan jira ta tashi."

Ranar karatu ta riga ta wuce, amma Malama ta ba ta dama ta karanta nata a gaban aji. Da ta gama, aka tafa mata sosai.

Malama ta ce, "Me kika koya, Auta?"

Auta ta ce, "Abin da kake so, ba a kamo shi da ƙarfi. Mage ba ta zuwa da igiya, labari ma haka. Sai ka zauna kullum, ka yi haƙuri, ka yi naka aikin."

"In bai zo ba fa?" wani yaro ya tambaya daga baya.

Auta ta yi murmushi. "Sai ka dawo gobe."